Gandun Domogled: bai kamata mai sayar da katako ya zama mai gadin kurmi ba

A kudu maso yammacin ƙasar Romaniya, inda tsaunukan Karfatiya suke gangarowa zuwa kogin Danub, akwai gandun daji na ƙasa da ake kira Domogled-Valea Cernei. Faɗinsa ya haura hekta 61,000, kuma shi ne mafi girma a cikin gandayen ƙasar. Kogin Cerna ne ya ratsa shi. Duwatsun wurin na farar ƙasa ne, irin waɗanda ruwa ke ci a hankali, shi ya sa ƙoramu suka tsattsaga su suka bar kwazazzabai masu zurfi irin na Corcoaia da Tasna, ga koguna a ƙarƙashin ƙasa, ga maɓuɓɓugan ruwan zafi da suka sa aka kafa garin Baile Herculane tun zamanin Rumawa. A gefen duwatsun, inda da ƙyar akuya za ta tsaya, wani baƙin itace mai siraran ganye da aka san yankin Banat da shi yake fitowa daga tsagar dutse. Masana sun ƙirga nau'in malam-buɗe-littafi da danginsa fiye da 1,000 a wannan gandu kaɗai.

Amma abin da ya fi daraja a wurin shi ne kurmin itacen da mutanen ƙasar ke kira fag. Akwai sassan da gatari bai taɓa shiga ba, itatuwa masu shekara 300 ko fiye suna tsaye, waɗanda suka faɗi suna ruɓewa a inda suka faɗi. Irin wannan kurmi ya kusa ƙarewa a Turai, domin yawancin dazuzzukan Jamus da Faransa an sare su an sake shukawa sau da yawa. A shekarar 2017 hukumar UNESCO ta sa wasu sassa uku na Domogled cikin jerin wuraren gadon duniya. To duk da haka, manyan motoci na fitowa daga cikin gandun ɗauke da gumagumai, kuma akasarinsu da takardar izini a hannu.

Ga yadda abin yake. An kasa gandun kashi-kashi. Wajen rabinsa ne kawai aka hana taɓawa. Sauran an bar shi a matsayin yankin da ake iya sarar itace bisa tsari, alhali ƙa'idar da ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta shimfiɗa ita ce a bar aƙalla kashi 75 cikin 100 na gandun ƙasa ga babbar manufarsa, wato kariya. Sannan hukumar da ke riƙe da gandun, Romsilva, ita ce kamfanin gwamnati mai kula da dazuzzukan ƙasa, kuma mafi yawan kuɗin shigarta daga sayar da itace yake fitowa. Da wannan kuɗin take biyan ma'aikatan gandun. Ita ce ke riƙe da kusan dukkan gandayen ƙasar 13.

A ganina tushen matsalar ke nan, kuma ba sai an zargi kowa da sata ba kafin a gane ta. An ba kura ajiyar nama. Shugaban gandu da albashinsa ke fitowa daga aljihun mai sayar da katako, ta yaya zai tashi ya ce a faɗaɗa yankin da aka hana sara? Ko da mutumin kirki ne, tsarin ya ɗaure masa hannu. Duk hektar da aka ƙara wa yankin kariya, an rage wa uwar hukumarsa kuɗi ne.

Masu kare tsarin suna da hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Na farko, sun ce ba sara ta ƙarƙaf ake yi ba, ana cire itatuwa ne zango-zango cikin shekaru don ƙananan su samu rana su taso. Gaskiya ne daji yana sake tohowa. Sai dai abin da ke tohowa itatuwa ne sa'o'in juna, ba tsohon kurmi ba. Tsohon kurmi ya ƙunshi itace mai kogo da jemagu da mujiya ke kwana a ciki, da gungumen da ya shekara 30 yana ruɓewa, wanda ƙwari da naman kaza iri-iri ba sa rayuwa sai a jikinsa. Malamin daji da aka horar don samar da katako yana kallon wannan gungume a matsayin asara. Idan aka gama zangon ƙarshe na sara, babu wanda ke raye yau da zai ga wurin ya koma yadda yake, har jikokinsa.

Akwai kuma abin da dutsen kansa ke jawowa. A saman farar ƙasa, turɓayar da itatuwa ke kafa saiwa a ciki ba ta da kauri, kuma gangaren na da tsayi. Kafin a fitar da gungume sai an fasa hanya, sai tarakta ta ja shi a ƙasa. Ruwan sama na farko zai bi wannan sawu ya kwashe ƙasar da ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana taruwa, ya zuba ta cikin ƙorama ko ya shige da ita tsagar dutse, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ke bi. Iyakar da aka zana a taswira tsakanin yankin UNESCO da yankin sara ba ta tare zaizayar ƙasa. Wannan na cikin abin da ya sa tawagar UNESCO da IUCN ta je Romaniya a 2019 don duba saran da ake yi daf da wuraren gadon, da kuma shirin fasa babbar hanya mai lamba DN66A ta saman kwarin Cerna.

Hujja ta biyu ta fi nauyi, wato talakawa. Miliyoyin gidaje a ƙauyukan Romaniya da itace suke ɗumama ɗaki a lokacin sanyi, sanyin da ke kashe mutum. A cikin gandun nan ma akwai ƙananan ƙauyuka kamar Inelet, wanda gajeriyar hanyar zuwa gare shi tsani ne na katako da aka jingina a jikin dutse. Ba wanda ke da ikon ce wa waɗannan mutane su zauna cikin sanyi don baƙi su zo kallon itatuwa. Amma itacen wutar ɗan ƙauye da ƴan gidaje ƙalilan ba shi ne ke cika tirela ba. Ana iya ware musu wuraren da za su ɗiba a dajin da aka riga aka taɓa, a biya masu filaye diyyar abin da aka hana su sara, ba tare da an kusanci tsohon kurmi ba. A riƙa fakewa da sunan talaka don a ci gaba da cinikin manya, wannan ba adalci ba ne gare shi.

Ban ɗora laifin a kan malaman daji na ƙasa-ƙasa ba. A kakar 2019 an kashe biyu daga cikinsu a arewacin ƙasar cikin kusan wata guda, suna bakin aikin tare ɓarayin itace. A shekarar ne kuma ministan muhalli na lokacin ya amince da alƙaluman ƙididdigar dazuzzuka ta ƙasa, waɗanda suka nuna ana fitar da kimanin kyubik mita miliyan 38 na itace a shekara, alhali abin da ke rubuce bai wuce rabin haka ba. A ƙasar da rabin itacenta ke ɓacewa ba lissafi, kowace sabuwar hanya da aka fasa cikin gandu ƙofa ce ga wanda ba shi da takarda.

Dokar ƙasar ta ce a kare kurmin da ba a taɓa ba, amma sai an shigar da shi wani kundi na ƙasa tukuna. Shekara biyar bayan buɗe kundin a 2016, abin da aka shigar kimanin hekta 70,000 ne, alhali wani bincike da ƙungiyar kare muhalli ta EuroNatur ta ɗauki nauyi a 2019 ya ƙiyasta cewa akwai sama da hekta 500,000 da ka iya zama tsohon kurmi. Masana katako sun musanta wannan adadi. To ko an raba shi biyu, ratar tana da yawa, kuma kurmin da ke jiran a tantance shi ana iya sare shi kafin takardarsa ta fito.

Ƙungiyoyin kare muhalli na Agent Green da EuroNatur da ClientEarth sun kai ƙara gaban Tarayyar Turai kan saran dazuzzukan ƙasar, ita kuma ta buɗe tuhuma kan Romaniya a watan Fabrairun 2020. Shekaru sun wuce ana musayar wasiƙu. Wannan ya shafe mu kai tsaye, mu ƴan Afirka. A 2023 Tarayyar ta kafa dokar da ta ce koko da kofi da manja da roba da katako ba za su shiga kasuwarta ba sai an nuna ba a share daji don noma su ba. An ɗage fara aiki da ita, amma manomin koko a Ghana da Kamaru da Najeriya shi zai auna gonarsa ya kawo shaida. Ina goyon bayan manufar dokar, don mun ga abin da cinikin madobiya ya yi wa dazuzzukan Taraba. Amma wanda ya nemi wannan daga ƙaramin manomi wajibi ne ya nuna irin wannan tsanani a cikin gidansa.

Abin da ya kamata a yi a Domogled ba ɓoyayye ba ne. A cire gandun daga hannun Romsilva a miƙa shi ga hukumar da baitulmali ke biya, wadda ba ta da ko sisi a cinikin katako. A faɗaɗa yankin kariya ya kai kashi 75 cikin 100, a fara da kwaruruwan da ke maƙwabtaka da sassan UNESCO. Kafin a kammala wannan, a dakatar da zarto a duk inda ake zaton tsohon kurmi ne har sai masu tantancewa sun shiga sun gani da idonsu.