Ba waya kaɗai ta rage ziyara a Zamfara ba

Wani rahoto ya ce kafafen sada zumunta sun rage ziyara tsakanin 'yan uwa, kuma a matsayina na mazaunin Gusau na yarda da shi, sai dai bai kamata a ɗora wa waya laifin duka ba.

A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin Zamfara a zamanin Gwamna Bello Matawalle saboda yaƙi da 'yan bindiga, majalisun ƙofar gida sun sake cika, matasa suka koma zama da dattawa bayan sallar isha'i, amma a makonnin nan ne kuma mutane da yawa suka kasa sanin halin da iyayensu ke ciki a ƙauyuka. Wanda danginsa ke Ɗansadau ko Zurmi, inda hanya ta zama abin tsoro, saƙon murya na WhatsApp shi ne zumuncin da ya rage masa, kuma ba na ganin laifinsa ko kaɗan.

Wanda nake tuhuma shi ne ɗan cikin gari. Za a yi rasuwa a Tudun Wada, mutum yana Sabon Gari, lafiyarsa ƙalau, babur ɗinsa na ƙofar gida, amma ya rubuta "Allah ya jiƙansa" a Facebook ya ɗauka ya sauke nauyi, alhali masu makoki suna zaune kan tabarma kwana uku suna lura da wanda ya zo da wanda bai zo ba. Abin har ya fara shafar gaida marar lafiya.