Maganin da ke sa gane-gane, da tambayar Yaya

Jiya bayan la'asar ina gidan yayata a unguwar Ali Ɗan Sofo ta Maraɗi, sai ga ɗanta ya dawo daga fada da waya a hannu, yana nuna mana wani bidiyo. Wai Turawa sun samo maganin ciwon damuwa daga wata irin laimar kwaɗi, sha ɗaya ko biyu an warke. Yaya dai shekara biyu ke nan tana shan ƙwayar likita tun rasuwar maigidanta, a gwangwanin madara take ɓoye ta kada maƙwabta su ce ta taɓu. Ta kalle shi ta ce, "Ni da ke neman hankalina ya dawo, kai kuma ka kawo mini abin da zai ɗauke shi?"

Ni ina bayan Yaya, ko da yake yaron bai yi ƙarya duka ba. Sinadarin da ke cikin laimar sunansa silosaibin. Tun 1 ga Yulin 2023 Ostireliya ta yarje wa wasu likitocin ƙwaƙwalwa su ba da shi ga wanda damuwarsa ta gagari sauran magunguna. Amma a Agustan 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da wani sinadarin daban mai juya hankali, MDMA, don masu firgicin bala'in da suka gani, ta ce a sake gwaji. Su kansu ba su gama daddalewa ba.

Mu kuwa mun san gane-gane. Mun ga wanda aka zuba wa zaƙami a shayi yana kamun abin da babu a iska, mun ga yadda tramol ya cinye samarin kabu-kabu. Wanda ya ga wannan, tsoronsa ba jahilci ba ne. Ga maganar addini kuma: malamai ma sai sun zauna kan abin da ke gusar da hankali.

Abin da bidiyon bai nuna ba shi ya fi damuna. Can inda ake ba da maganin ana tace marasa lafiya, wanda ke da taɓin hankali a danginsu ba a saka shi. Ana shirya mutum tun kafin ranar, sannan masu jinya su zauna gefensa kusan awa shida har abin ya sake shi, washegari a dawo a yi hira. Na bayyana wa Yaya haka. Ta daɗe shiru tana juya gwangwaninta, sannan ta ce, "Ƙanena, bar maganar laimar. Wannan zaman na awa shida, a ina ake samunsa?"