Ni da sojan Paddington

Ranar da na fara taka Landan, yayana ya ce in hau jirgin ƙasa daga filin jirgin sama na Heathrow in sauka tashar Paddington, in jira shi a layi na 1 wajen sojan nan mai karanta wasiƙa. Bai ce min mutum-mutumi ba ne fa.

Ashe ranar 11 ga Nuwamba ce, ranar da ake shirun minti 2 don tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi. Na tarar da cincirindo, kowa da jan fure a ƙirji, ga tsofaffin sojoji da lambobi rataye, na ce yauwa. Na ja akwatina mai kukan taya ina leƙen hannuwansu har na ga wani dattijo riƙe da takarda, na je na kafe a gefensa kamar ɗan rakiyar ango.

Ƙarfe 11 na bugawa wurin ya yi tsit, kowa ya sunkuyar da kai, ni dai na ɗauka haka Turawa suke jiran jirgi. Daidai lokacin wayata ta ɓarke da kiɗan kalangu, na ɗaga da muryar ƴan tasha, "Yaya gani nan wajen sojan! Ya tsufa sosai wallahi!"

Dattijon bai ce uffan ba, ya dai nuna min sama da haɓa. Na ɗaga kai sai ga sojan tagulla, ƙato, da babbar kwat a kafaɗa da mayafi a wuya, yana karanta wasiƙar gida. Tun 1922 yake nan, don tunawa da ma'aikatan kamfanin jirgin ƙasa na Great Western su 2,524 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko, sunayensu na cikin wani akwati a ƙarƙashinsa. Ita kanta tashar tana sahun farko na gine-ginen tarihi da doka ta kare, ni kuwa na mayar da ita kasuwar Kwari ana tsakiyar shirun minti 2.

Garin kashe wayar na danna sifika.

"Wane tsoho kuma? Kai dai baƙauye ne!"

Bayan an watse sai ga yaya, ashe yana can baya tun ɗazu, da ya hango ni ya juya yana karanta allon jirage. Sai da muka fita titi ya karɓi akwatin.