Yadda Inna da Goggo suka haɗa gwamnati a kaina

Duk wanda Allah ya yi shi auta a gida sannan ya jarrabe shi da babur, to hutu ya ƙare mishi. Ni dai a gidanmu nan unguwar Bagalam ta Maradi ni ne ɗan aike, ni ne kabu-kabun kyauta, ni ne mai zuwa cefane, kuma tun da Goggo ta dawo gidan da zama aka ƙara mini wani muƙamin da ban nema ba, wato shaida a kotun da ake zamanta kullum a bakin murhu.

Goggo yayar Baba ce. Har yau Amarya take kiran Inna, alhali amaryar nan jikokinta suna lakwal. Inna kuma Yaya take ce mata cikin ladabi, irin ladabin nan da in ka ji shi ka san akwai magana a ƙasa. Tare suke girki, ɗaya na tuƙa tuwo ɗaya na kaɗa miya, radiyo na rataye a ƙusa yana ta zuba, su ma suna ta zuba.

Inna tun ranar 26 ga Yulin 2023 da sojoji suka karɓi mulki a Nijar ta zama tasu gaba ɗaya. Komi ka kawo mata sai ta ce zancen ƙasa ne. Wuta ta ɗauke, zancen ƙasa ne. Sukari ya hau, zancen ƙasa ne, a yi haƙuri. Rannan akuyar maƙwabta ta shigo ta cinye mata dussa, wallahi na tsaya ina jira in ji ko shi ma zancen ƙasa ne, sai dai wannan karon da muciya ta bi ta. Goggo kuwa tsohuwar 'yar siyasa ce, ta ci mitin ta ƙoshi, zanenta na jam'iyya mai ruwan hoda yana nan ƙasan akwati an ninke shi da turare, ko da aka rusa jam'iyyu a 2025 cewa ta yi ita nata ba a rusa ba tunda yana cikin akwatinta. Ga shi da can 'yar kasuwa ce, ta Dan Issa take bi ta shiga Jibiya ta saro atamfa da robobi da sabulu, to rufe boda na 2019 ya karya mata jari, tana cikin farfaɗowa na 2023 ya zo ya ƙarasa. Saboda haka ita in ka ce mata iyaka, ka taɓo mata gyambo.

Ranar da abin ya faru baƙi za mu yi, surukan yayana. Baba ya ajiye jaka 5 ya fice abinshi, dama shi haka yake, ya ajiye ya gudu kafin a fara lissafi. Inna ta kira ni ta fara jero kaya: shinkafa, man gujiya, tumati, tattasai, tonka, albasa, Maggi, daddawa, nama mai kyau ban da ƙashi. Goggo ta ƙara da gawayi. Inna ta ce in ya yi saura ka kawo canji. Na dubi kuɗin na dubi fuskarta ko wasa take, ashe da gaske take.

Na tafi kasuwar Kadro na yi iya yina. Na yi ciniki har mai tattasai ya tambaye ni ko gado muke rabawa. Da na dawo, cefanen gaba ɗaya a ɗan yatsa guda na rataye shi. Inna ta karɓi ledar ta leƙa, ta fita ƙofar gida ta duba bayan babur ko na bar sauran a can, ta dawo ta sake leƙawa.

Goggo ko tashi ba ta yi daga tabarma ba, ta ce, "To Amarya, ga zancen ƙasa nan an kawo miki a leda."

Shi ke nan aka buɗe zama. Inna ta ce ai duk aikin CEDEAO ne, ƙungiyar nan ta ƙasashen Afirka ta Yamma, su suka rufe mu ruf, suka yanke wuta, suka hana magani shigowa, so suke mu durƙusa kuma ba za mu durƙusa ba. Goggo ta ce takunkumin da aka ɗage tun watan Fabrairun 2024, Najeriya ma ta buɗe bodarta a watan Maris, kuma ita dai a saninta albasa daga Galmi take zuwa, Galmi kuwa ba ta bi ta Abuja ba. Inna ta ce to mota ke kawo ta, mota kuma mai take sha. Goggo ta ce ba ke ce kika yi guɗa a tsakar gidan nan ba ranar da aka ce litar mai ta koma 499? Inna ta ce to ƙarya aka yi, ba a rage ba? Goggo ta ce an rage mana, sai ki ba Auta kwalba ya sayo lita guda mu soya albasa da shi.

A kan shinkafa kuwa Goggo har da zane a ƙasa da tsinken tsintsiya. Ta ce da can jirgi ya sauke a Kwatano, kaminyo ya ɗauko ya biyo Malanbil, ya haye gada ya shigo Gaya, Doso, sai ga shi Maradi. Yanzu tunda iyakar Benin na rufe sai an sauke a Lome, a ratsa Burkina, a tsaya jiran rakiyar soja, a shigo ta Tera, a wuce Yamai, sannan a kamo hanyar nan, kuma duk kwanan da direba ya yi a hanya yana cin abinci, a tukunyarki za a cire shi. Gaskiya a nan ta burge ni, don abin da masu shago ke faɗa ke nan. Amma Inna ba ta girgiza ba, ta ce wa ya ɗora mana shinkafar waje dole, da can da mi aka raine mu in ba hatsi da dawa ba, kuma tunda aka hana fitar da hatsi waje a watan Oktoban 2024 ai kowa ya ga tiya ta sauko. Goggo ta ce wannan damina ce Allah ya kawo. Inna ta ajiye ludayi ta ce, "Yaya, in abu ya yi tsada soja ne, in ya yi araha Allah ne?" Goggo ta yi shiru tana neman goro a bakin zane, na san wannan ta shige ta.

Ba ta daɗe ba ta dawo da ƙarfinta. Ta ce wai yaushe ma Amarya ta fara ƙin 'yan siyasa, ina koren zanen nan mai hoton tsohon shugaban ƙasa Tandja da kika sha ɗaurawa kina bin motar mitin har Tibiri? Inna ta ce Tandja ai soja ne, kanal ne ma, saboda haka ita tun asali layinta ɗaya. Ni dai ina gefe ina yankan albasa, don an riga an miƙo mini wuƙa ba tare da an tambaye ni ba, ina dariya ina hawaye.

Sai aka waiwayo kaina. Inna ta ce, "Auta, kai da ka yi lakwal, faɗa wa Goggonka gaskiya." Goggo ta ce, "Faɗi tsakaninka da Allah, ɗan nan, kar ka ji tsoron nono."

To ɗaya uwa ce, ɗaya kuma ita ke ba ni kuɗin mai a ɓoye. Sai na ce bari in bi tsakiya. Na gyara murya na fara bayani, na ce kowa na da gaskiyarshi, hanya ta yi nisa gaskiya ne, takunkumi ya bar tabo shi ma gaskiya ne, ga Najeriya tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kayansu suka hau, Maradi kuwa rabin abin da ke shagunanmu daga can yake, ko naira ta faɗi a gaban sefa sai ka ga tsadar can ta cinye ribar canjin, ga tumati shi lokaci gare shi, da sanyi a zubar da damina a nema, ga 'yan kasuwarmu su ma in abu ya hau suna ji da wuri, in ya sauka sai kunnensu ya toshe. Ina ta zuba ina jin daɗin kaina, har da ɗaga wuƙa sama.

Da na gama sai tsit. Goggo ta dubi Inna, Inna ta dubi Goggo.

Goggo ta ce, "Amarya, yaron nan bayaninshi ya yi yawa. Mai gaskiya ba ya dogon zance haka."

Inna ta ce, "Ni ma Yaya tun ɗazu nake kallon askin nan na kanshi, jiya babu shi."

Jama'a, mutanen da tun 2023 ba su taɓa yarda da juna a kan ko gishirin miya ba, a cikin minti guda suka haɗa gwamnatin haɗin kan ƙasa, kuma ni ne 'yan adawa. Aka sa ni juye aljihu. Aka samu dala 10 da tsohon katin kredi da na kankare tun makon jiya. Goggo ta ɗaga katin sama ta ce ga naman nan. Na rantse, na ce a kira mai aski a tambaye shi bashi ne, Inna ta ce wanda ke cin bashin aski mi zai hana shi cin canjin cefane. Baƙi dai suka zo suka ci shinkafa da miya mai yanka ɗai-ɗai, suka yi albarka suka tafi, ni kuwa ƙashi ma ban gani ba, wai na riga na ci rabona a kasuwa.

Washegari suka ce da kansu za su je, a ga ƙaryar tsada. Baba ya ajiye jaka 5 ɗinshi, Goggo ta so ta ja shi cikin zancen, ya ce shi ko wa ke mulki abin da ke aljihunshi ke nan, ya sa takalmi. Babur ba ya ɗaukar su biyu, don haka aka tsayar da adaidaita, kuma kun san wanda ya biya. Suka ɗora wake a wuta suka bar wa ɗiyar yayana ta duba.

Wurin mai tumati aka fara. Inna ta ga ɗan tutar ƙasa ya liƙa a jikin teburinshi, sai fuskarta ta washe, ta ce, "Ɗana, ashe namu ne. Rage mini, zancen ƙasa ne." Ya ce, "Hajiya, shi ya sa ma ba zan rage ba, wannan na Jiratawa ne, noman gida, in ba ku daraja shi ba wa zai daraja shi?" Goggo ta yi dariya har da riƙe ciki. Muka wuce wurin mai shinkafa, shi kuma tun kafin a tambaye shi ya fara kukan hanya da kuɗin kaminyo, Goggo ta samu ɗan uwa, ta ja benci ta zauna, suka yi ta yi kamar sun shekara da sanin juna, ni ina tsaye rana na dukana. Da aka zo biya ta ce to tunda bakinmu ɗaya sai ka duba mana. Ya ce, "Hajiya, baki ɗaya ne, aljihu ne kowa da nashi." Wannan karon Inna ce ta riƙe ciki.

Mahauci shi ba ruwanshi da kowa. Ya yanka ya ɗora, Goggo ta ce gyara, ya ƙara wani abu da sai ka matso za ka gan shi, ta miƙa hannu ta ɗauki tsoka guda ta jefa a leda, ya miƙa hannu ya ciro ta ya mayar, ba wanda ya ce uffan. A hanya Goggo ta tsaya ta sayi goro daga cikin kuɗin, na ce Goggo wannan fa, ta ce goro ba ya shiga lissafi. Kafin mu kai layin albasa kuɗi sun ƙare, babu albasa babu Maggi babu gawayi. Inna ta matso kusa da ni ta rage murya ta ce, "Auta, ara mini dala 100." Irin aron nan da ni da ita duk mun san inda zai kwana.

Tun daga bakin lungu muka jiyo ƙauri. Ɗiyar yayana na ɗaki da wayar uwarta tana kallon TikTok, wake ya zama gawayi, ashe dai an samu gawayin da ba a saya ba. Ranar gari da ƙuli-ƙuli aka jiƙa.

Na zaci yanzu za a wanke ni, tunda ledarsu ko tawa ba ta kai ba. Ina! Da dare suna tsakar gida na ji Goggo na cewa ita ta lura tun da muka shiga kasuwa yaron nan ke gaba, shi ya kai mu wurin mutanenshi. Inna ta ce ƙwarai, ta ga lokacin da na ƙifta wa mai tumati ido. Ƙura ce fa ta shiga mini ido.

Sabuwar dokar da suka kafa yanzu, in na isa kasuwa sai in kira su ta bidiyo a WhatsApp, in riƙa haska musu kaya ɗaya bayan ɗaya suna ciniki daga gida, ɗaya na fizge wayar daga hannun ɗaya, rabin kiran kuma ba da mai kaya suke ba, junansu suke ba amsa a kan ƙawancen ƙasashen Sahel na AES da iyakar Benin, mutane na taruwa suna saurare, kredin kuma nawa ne. Mai tumati har ya saba. Yana hango ni sai ya gyara hula ya ce, "Auta, wace ce a layi yau, ta soja ko ta farar hula? In san bakin da zan yi."