Na Hana Iska Shiga, Sai Ruwa Ya Shigo

Masu iya magana sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, shi ya sa tun ganye bai gama zuba ba na ɗauko biro da takarda na rubuta duk abin da zan yi wa gida kafin hunturu. Bara sanyi ya yi mana kamun kazar kuku, da safa da hula muke kwana. Bana kuwa na ci alwashin iska ba za ta shigo gidan nan ba sai da izinina. Uwargida ta leƙa takardar ta ce, "Maigida, da dai ka kira masu gyara." Na ce mata ta zuba ido kawai ta sha kallo.

Farkon aikin ya tafi lafiya lau, kuma shi ya ja mini girman kai. Neman inda iska ke satar hanya ba wuya. Ranar da ake iska sai ka rufe ƙofofi da tagogi, ka kunna kyandir, ka bi gefen firam da shi a hankali, nesa da labule. Duk inda harshen wutar ya karkata, nan ɓarawon yake. Ita ƙofa da takarda ake gwada ta: ka sa falle ɗaya tsakaninta da firam, ka rufe, ka ja. In ta zare ba gardama, akwai kafa. Tawa ba jan ta na yi ba ma, da kanta ta faɗo.

Tagogi na fara yi. Ana goge firam ya bushe tas, a manna salatif mai gam gaba da baya, a yanko leda mai haske da rarar kamar santimita 5 ta kowane gefe, a liƙa daga sama zuwa ƙasa, sannan a bi ta da na'urar busar da gashi har ta ɗame kamar fatar ganga. Iskar da ta maƙale tsakanin gilashi da leda ita ke tare sanyin. Aikin ya yi kyau har ya ba ni sha'awa, sai na liƙe kowace taga a gidan, har ta kicin da ta banɗaki. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Sai ƙofar shigowa. Akwai soson nan siriri mai gam a bayansa da ake zagaye firam da shi, kuma kaurinsa iri-iri ne. Yadda ake gane wanda ya dace, ka naɗe ɗan dunƙulen laka mai laushi a leda, ka sa a gefen ƙofa ka rufe, ka buɗe ka auna kaurin da ya rage. Nawa ya nuna milimita 3. Ni kuwa na sayo mai milimita 9, a lissafina na cewa in kaɗan ya yi magani, mai yawa zai yi ninki uku. Ƙofa ta ƙi rufuwa. Na ja da baya na kai mata kafaɗa, ji kake ƙas, ta rufu. Na karkaɗe hannu na ce wa yara su zo su ji, ko numfashin sauro ba ya wucewa.

Da na tashi fita kuma, mariƙi ya ƙi juyawa. Na ja, na murɗa, na sa ƙafa a bango na ja da hannu biyu. Na waiga in leƙa ta taga in kira maƙwabci, sai na tuna na liƙe su duka. Na fi rabin awa ina kokawa, gumi na keto mini a ranar da nake yaƙi da sanyi. Uwargida ta fito daga ɗaki, ta jingina da ƙofar ta tura ta cikin firam da ƙugu, ta murɗa mariƙi da yatsa biyu, ƙofa ta buɗe. Ashe soson ne ke danno ƙofar, harshen kuba ya matse a raminsa, duk jan da nake yi ƙara matse shi nake. Ba ta ce uffan ba, kuma shirun ya fi zagi ciwo.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne kumfar gwangwani, wadda ake fesawa a rami ta kumbura ta daskare. An rubuta ƙa'idarta a jikin gwangwanin: ka sa safar hannu, ka girgiza sosai, ka ɗan yayyafa wa ramin ruwa don danshi ne ke sa ta kama, ka kifa gwangwanin, kuma kada ka cika ramin, kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ya isa, domin za ta ninka kanta. Na karanta wannan duka, amma bayan na gama aikin. A ƙarƙashin wurin wanke-wanke akwai wani wawakeken rami inda bututai suka ratsa bango, sanyi na hurowa ta nan kamar an kunna fanka. Na kwanta rigingine na danna, na cika shi taf, na ƙara na ihsani. Cikin minti goma abin ya taso kamar katifa, ya haɗiye bututan da duk abin da ke kusa da su, wani dunƙule ya ɗigo mini a gemu. Kumfar nan tana ɗanya, sinadarin goge jan farce mai asitan yana cire ta. In ta bushe, sai wuƙa ko almakashi. Tawa ta bushe. Sati uku ina yawo da gemu mai gefe ɗaya.

Akwai kuma wata 'yar kafa mai raga can sama a bangon kicin, kusa da injin da ke ɗumama mana ruwa da gas. Na cusa mata tsumma na rufe da kwali. Allah ya taimake ni a ranar dattijon maƙwabcinmu ya zo karɓar tsaninsa. Yana ɗaga kai ya gani, ya ajiye sandarsa ya ce, "Yaro, hau ka cire wannan yanzun nan." Na ce, "Baba, ai sanyi ke shigowa ta nan." Ya ce, "Rai ma ta nan yake shigowa." Nan dai ba abin dariya. Injinmu irin wanda ke jan iska daga cikin ɗaki ne, kuma duk wutar da ba ta samu isasshiyar iska ba, ko ta gas ko ta gawayi ko ta kananzir, tana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana farawa da ciwon kai da jiri da tashin zuciya, mai barci kuma ba lalle ya farka ba. Harshen wutar gas mai lafiya shuɗi ne, in ya koma rawaya yana baƙanta bango, a kashe a kira ƙwararre. Baba bai bar gidan ba sai da na yi alkawarin sayo ƙararrawar da ke shinshino iskar, in kafa ta kusa da ɗakunan kwana, in riƙa danna maɓallin gwajinta. Da tsohuwar zuma ake magani.

Na share magudanar rufi, na kwashe ganye cike da bokiti biyu, ban faɗo ba. Hita biyu masu wat 2000 da na jona a soket ɗaya mai baki huɗu sun ƙone fis nan take, don a wutar bolt 230 su biyun na jan sama da amp 17, shi kuwa 13 aka yi shi ya ɗauka. Wannan ƙaramin alhaki ne, mu wuce.

Ƙarafan ɗumama ɗaki, waɗanda ruwan zafi ke zagayawa a cikinsu, masu kama da lagireton mota, na ɗakinmu ƙasansa zafi samansa sanyi. Alamar iska ta taru a ciki ke nan. Da ƙasan ne ya yi sanyi, da dattin tsatsa ne ya kwanta. Fitar da iskar aikin minti biyu ne: a kashe injin, a bari ƙarfen ya huce, a tara tsumma, a sa ɗan makullinsa a bawul ɗin da ke sama a juya hagu kwata ko rabin zagaye. Za a ji fiii, da ruwa ya ɗigo sai a rufe. Ni ban kashe injin ba, kuma da na ji fiii ɗin ya yi mini daɗi sai na ci gaba da murɗawa har ƙusar bawul ɗin ta zare ta gangara ƙarƙashin gado. Baƙin ruwa mai ɗumi ya yi tsartuwa ya zana taswira a farin labulen uwargida. Na toshe da babban yatsa ina kiran a kawo agaji, autarmu na rarrafe tana neman ƙusa. Kafin a samo ta, allurar ma'aunin matsin ruwan injin da ya kamata ta tsaya tsakanin lamba 1 da 1.5 in yana sanyi ta faɗi kusan sifili, injin ya ƙi tashi sai da aka ƙara masa ruwa.

Bayan sati biyu gida ya yi ɗumi, amma bango ya fara gumi. Numfashinmu, tururin girki, wanka, da shanyar da muke yi a ciki, duk sun rasa hanyar fita. Danshin ɗaki ana so ya tsaya tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari, namu ma'auni ya nuna ya haura 75. Na ja kabad na tarar funfuna ta yi baƙi ƙirin a bayansa. Garin neman gira an rasa ido. Da hannuna na yage ledar kicin da ta banɗaki. Yanzu sau biyu a rana muna wangale tagogi na minti biyar zuwa goma, muna rufe tukunya da murfi, kabad ya matsa santimita 10 daga bangon waje, ɗumin ɗaki kuma ba ma bari ya sauka ƙasa da digiri 18, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Abu ɗaya ne bai shiga takardata ba, famfon waje. Kamata ya yi a cire tiyo, a rufe bawul ɗinsa na cikin gida, a buɗe famfon ruwan da ya rage ya tsiyaye, bututun kuma a sa masa rigar soso daidai faɗinsa. Ruwa yana daskarewa a digiri sifili, kuma ƙanƙara ta fi ruwa girma da kusan kashi 9 cikin ɗari. In ta toshe bututu, ruwan da ya maƙale tsakaninta da rufaffen famfo ya rasa wurin zuwa, sai ƙarfe ya tsage. Muguntar abin, ba ka sani a daren, don ƙanƙarar na toshe tsagar. Sai da gari ya ɗan sassauta bayan kwana uku, da asuba na sauko kicin na ji ƙafata tsundum, silifas ɗina ɗaya na iyo ya nufi falo.

Na yi ihu, "Ina babban bawul ɗin ruwan gidan nan?" Uwargida ta nuna ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Na durƙusa cikin ruwa na buɗe, sai ga katifar kumfata ta daskare kamar dutse, bawul ɗin yana can tsakiyarta. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Minti ashirin ina sassaƙa da wuƙa, ina tsoron kada in huda wani bututun, kafin na kai gare shi. Na murɗa dama ya ƙi motsi, don bawul ɗin da ba a juya shi ko sau biyu a shekara cijewa yake yi. Sai da Baba ya kawo sifana.

Mai gyaran famfo ya iso da hantsi. Ya dubi kumfar, ya dubi soson ƙofa, ya dubi labule, ya girgiza kai ya ce, "Malam, wa ya yi muku wannan ɗanyen aikin?" Na gyara murya na ce wani ne da ya taɓa zama a gidan. Uwargida ta yi tari ta shige ɗaki. Autarmu kuwa ta ja rigarsa, ta nuna masa gefen gemuna da bai gama tsirowa ba.