Littafin da aka rubuta inda wuta ba ta ɗaukewa

Wurin aiki ne suka tura mu wani taron ƙara wa juna sani a nan yankin Birmingham ta Ingila. Ɗaki ne mai kafet ko'ina, an ƙure na'urar ɗumama ɗaki har mutum na gumi alhali a waje yayyafi ake yi mai sanyin ratsa ƙashi, kowa da ɗan katin sunansa maƙale a ƙirji. Mai jawabin, wani dattijon Bature mai ba kamfanoni shawara, ya ce ƙa'idar guda ce: kamfani ya riƙe abin da ya fi iyawa, sauran ya ba wasu kwangila. Wata 'yar Indiya ta tambaye shi, to Tata, babban kamfanin nan na Indiya mai harkoki iri-iri fa? Ya yi murmushi ya ce irin waɗannan tarkacen sai ƙasashen da kasuwarsu ba ta gama girma ba, da sannu za su dawo hanya.

Abin ya ci mini rai. Tatan nan mai yin gishiri da ƙarfe da manhajar kwamfuta da otal-otal, ita ce ta sayi kamfanin motoci na Jaguar Land Rover daga hannun Ford a 2008 kan dala biliyan 2.3, kuma dubban mutanen wannan yanki can suke karɓar albashi. Tetley ma, mai yin ganyen shayi, tun 2000 ta koma hannunta. Lenovo ta ƙasar Sin ta karɓe sashen ƙananan kwamfutoci na IBM a 2005, Geely, ita ma ta Sin, ta sayi kamfanin motocin Volvo a 2010. Tsohuwar koyarwar da masanan jami'ar Uppsala ta Sweden suka fitar a 1977 cewa take kamfani yana fita waje ne sannu a hankali, ya fara da maƙwabtan da ya sani. Waɗannan kuwa tsallakawa suka yi kai tsaye, suka sayo suna da fasahar da ba su da ita.

Ku da ke gida ba sai na yi muku bayanin dalilin da ya sa Dangote yake samar da wutarsa a masana'antar simintinsa ta Obajana ba, ko dalilin da ya sa yake da dubban tireloli nasa na kansa. Wa zai ba kwangilar? Shawarar dattijon nan tana aiki ne inda wuta ba ta ɗaukewa, titi lafiya lau, kotu kuma tana raba gardama kafin jari ya narke. Wanda ya koyi yin siminti ba tare da waɗannan ba, in ya shiga Habasha ko Zambiya ko Senegal ba baƙo ba ne. Masana harkar kasuwanci Tarun Khanna da Krishna Palepu sun rubuta wannan tun 1997, amma har yau ana koyar da shi kamar wani ɗan ƙarin bayani a gefen shafi.

Na san za a ce gwamnati ta kare Dangote da taƙaita shigo da siminti, kuma Tata Steel ta kashe manyan tanderun narka ƙarfe na Port Talbot da ke Birtaniya a 2024, mutane da yawa suka rasa aiki. Gaskiya ne. Amma wane babban kamfanin Turai ne bai taɓa shan inuwar gwamnatinsa ba?

Abin da ya fi damuna ma ba Baturen ba ne, shi abin da ya gani ya faɗa. Jami'o'inmu ne. Ɗalibin harkar kasuwanci zai haddace tarihin Ford da Toyota, ya ci jarrabawa, amma ba a taɓa zaunar da shi an warware masa yadda Alhassan Dantata ya riƙe fataucin goro tsakanin Gwanja da ƙasar Hausa da amana da wakilai ba, ko yadda MTN ta Afirka ta Kudu ta yi kasadar shigowa Najeriya a 2001. Malamanmu suna da waɗannan a ƙofar gida, amma sai wani ya rubuta daga Amurka sannan su saka a manhaja.