Sunan makaranta ba ya halatta hayar filin unguwa

A unguwannin Legas irin su Agege, Idi-Araba da Mile 12, filin da ya rage babu gini a kansa yakan ɗauki ayyuka da yawa. Da yamma samari su buga ƙwallo, ranar Asabar a kafa rumfunan biki, da Sallah a shimfiɗa tabarmi a yi Idi, da damina kuma ya shanye ruwan da kwata ta kasa ɗauka. Wata rana sai a wayi gari an kewaye shi da kwano, an kafa allo cewa za a gina makaranta. Daga nan bakin kowa ya mutu, domin wa zai fito ya ce ba ya son makaranta? Mai hayar ya san da haka, shi ya sa allon yake riga tifar yashi isowa.

Ra'ayina shi ne mazauna unguwa suna da hujjar ƙalubalantar irin wannan haya, kuma doka ta ba su ƙofofi fiye da yadda suke zato. Yawanci dai suna faɗuwa ne tun kafin alƙali ya saurari gaskiyarsu, saboda jinkiri da rashin takarda.

Ba na raina buƙatar ajujuwa. Legas ce jiha mafi ƙanƙantar ƙasa a Nijeriya, ga jama'a kamar ƙasa. Tun zamanin Lateef Jakande, tsakanin 1979 da 1983, ake fama da neman inda za a zaunar da yara, har ya yi ta gina ajujuwa masu sauƙin kuɗi don a daina karatun rukunin safe da na rana. A watan Maris na 2019 wani bene ya rufta a Ita-Faji, cikin tsibirin Legas, da makaranta a samansa, yara suka mutu. Duk wanda ya tuna wannan ya san makaranta tana buƙatar filinta na kanta. Tambayar ita ce fili na wa, kuma wa ke da ikon bayarwa.

Nan ne ƙofa ta farko. Sashe na 1 na Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ya damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana domin amfanin 'yan Nijeriya. A cikin birni gwamna ne kaɗai ke ba da haƙƙin mallaka, ikon ƙaramar hukuma kuwa a sashe na 6 ya tsaya ga ƙasar da ba ta birni ba. Gaskiya ne jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi kula da lambuna da wuraren shaƙatawa da filayen da aka bari a buɗe, amma wanda aka ba kiwo ba shi ne mai shanu ba. Saboda haka takardar da ta fito daga ofishin ciyaman, ko kansila, ko baale (mai unguwar Yarabawa), ko shugaban ƙungiyar ci gaban unguwa da ake kira CDA, tana cewa an ba wane hayar shekara 25, abin da za a fara tambaya a kanta shi ne ina sa hannun gwamna. Sashe na 22 ya ce mai riƙe da haƙƙin mallaka ba zai sayar, ko ya jinginar, ko ya ba da haya ba sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. Kotun Ƙoli ta jaddada wannan tun 1989 a shari'ar bankin Savannah da Ajilo.

Wannan gargaɗi ya shafe mu ma. Kwamitin Islamiyya da ya tara kuɗin 'yan kasuwa, ya karɓi takardar ciyaman a kan filin wasa, ya ɗora bene, ya gina ne a kan iska. Ranar da gwamnati ta sauya ko maƙwabta suka kai ƙara, niyya mai kyau ba za ta hana a shafa wa bango jan fenti, alamar rusau, ba.

To idan gwamnatin jiha ce da kanta ta bayar fa? Nan shari'ar ta fi wuya, amma ba a rufe take ba. Sashe na 51 na dokar 1978 ya lissafa ilimi cikin abubuwan da ake kira amfanin jama'a, don haka idan hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha ce za ta gina firamare kyauta, lauyan gwamnati yana da tudun dafawa. Makarantar kuɗi ta wani kamfani daban ce. A shari'ar Osho da kamfanin Foreign Finance a 1991, Kotun Ƙoli ta nuna cewa karɓe fili da sunan amfanin jama'a sannan a miƙa wa ɗan kasuwa ya yi harkarsa bai cika sharaɗin doka ba. Sai dai a lura: wannan hukunci ya fi amfanar asalin masu filin da gwamnati ta karɓe daga hannunsu. Mazauna unguwa jingina kawai suke yi da shi, shi ya sa lauya mai wayo yakan nemo iyalan da aka karɓi ƙasar a hannunsu ya haɗa su cikin ƙarar.

Ƙofar da ta fi faɗi ita ce ta tsara birni. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke, a ƙarar da Legas ta kai gwamnatin tarayya, cewa tsara birane hurumin jiha ne. Legas ta yi dokarta ta tsara birane a 2010, wadda a ƙarƙashinta hukumar LASPPPA ke ba da izinin gini, LASBCA kuma ke sa ido a kan ginin da kansa. Mallakar fili abu ɗaya ne, izinin sauya abin da aka ware shi dominsa wani abu ne dabam. Idan taswirar unguwa da gwamnati ta amince da ita ta nuna wurin a matsayin filin wasa ko lambu, mai haya yana buƙatar izinin sauya amfani kafin izinin gini, kuma takardar amincewa da makaranta daga ma'aikatar ilimi ba ta maye gurbin ko ɗaya daga cikinsu. Da yawa suna nuna ta ukun don su rufe rashin biyun farko.

Shi ya sa aikin farko ba zanga-zanga ba ne, tafiya Alausa ce, inda sakatariyar gwamnatin jihar take. A nemi kwafin taswirar unguwar mai hatimin tabbatarwa. A ɗauki safiyo mai rajista ya auna filin, a kai lambobin awon zuwa ofishin Babban Safiyon jiha a duba ko wurin yana cikin ƙasar da gwamnati ta karɓa, kuma don me. A yi bincike a rajistar filaye a ga ko an yi wa hayar rajista. A rubuta wa LASPPPA a nemi lambar izinin gini, a rubuta wa LASPARK, hukumar lambuna, a ji ko filin yana cikin lissafinta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa. Kowace wasiƙa a karɓi kwafi mai tambarin "an karɓa" da kwanan wata, domin wannan tambarin ne zai yi magana a kotu. A haɗa da tsofaffin hotunan gasar ƙwallo da na Idi, da rasiɗan kuɗin share fili. Idan filin yana cikin rukunin gidajen tarayya irin Festac, masu ƙasar daban ne, wanda za a kai ƙara ma daban ne, kuskure a nan yana iya cinye shekaru a kan gardamar hurumin kotu kaɗai.

Sai batun wa zai shigar da ƙara. Ƙungiyar da ba ta da rajista ba ta kai ƙara da sunanta, sai dai wasu mutane su tsaya da sunayensu a madadin sauran, da rubutacciyar amincewar taro. Lauyan ɗaya ɓangaren zai fara da cewa ba ku da hurumi, fili ba naku ba ne. Amsar tana cikin shari'ar Adediran da kamfanin Interland Transport ta 1991, wadda mazauna rukunin gidajen Ire-Akari a Isolo suka kai saboda tireloli sun addabe su: Kotun Ƙoli ta ce ba sai an jira Antoni-Janar ba kafin a kai ƙarar abin da ya dami jama'a. A 2018 ta ƙara sassauta ƙa'idar a ƙarar da wata ƙungiyar kare muhalli ta kai NNPC. Duk da haka, a sa mutanen da gidajensu ke jikin filin a gaba, waɗanda za su iya nuna cewa ruwa zai shiga ɗakinsu ko hanyarsu za ta toshe. Kada a gina ƙarar a kan sashe na 20 na Tsarin Mulki mai maganar muhalli kaɗai, domin yana Babi na Biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta shi.

Lokaci ne ke kashe mafi yawan waɗannan ƙararraki. Neman kotu ta soke shawarar hukuma yana da wa'adin wata uku, haka ma dokar da ke kare jami'an gwamnati. Akwai togaciya, amma babu mai hankalin da zai dogara da ita. Wata ukun nan kuwa su ne ake ɓatawa wajen zaman sulhu a fadar sarki, da jiran ɗan majalisa ya dawo daga Abuja. A yi sulhun, amma takarda tana kotu. A nemi umarnin dakatar da aiki tun ana haƙa fandisho, domin kotu ba ta hana abin da aka riga aka gama, kuma alƙalin da ya ga yara ɗari uku da kayan makaranta zai yi nauyin cewa a rushe. Masu neman umarnin su sani za a sa su yi alkawarin biyan diyya idan ƙararsu ta zama ta banza, don haka a faɗa wa masu karo-karo gaskiya tun farko. Bayan an shiga kotu kowa ya janye hannunsa. Abin da Kotun Ƙoli ta gaya wa gwamnan Legas a shari'ar Ojukwu a 1986, cewa ba a ɗaukar doka a hannu alhali magana tana gaban alƙali, ya hau kan mai haya, ya kuma hau kan samarin da ke son tuge shinge da dare.

Filin ƙwallo cikakke, mita 105 a 68, ya kai fuloti 11 na Legas. Wanda ya samu wannan a farashin haya na gwamnati ya samu dukiyar da ba zai iya saya a kasuwa ba, kuma da wuya ka ga filin da aka gine ya koma fili. A ganina, kafin a taɓa filin unguwa, gwamnati ta fara nuna cewa ta duba makarantunta masu hawa ɗaya da za a iya mayarwa hawa uku a kan harabarsu. Inda kuwa unguwa ta ga gara a sasanta, a rubuta sharuɗɗa: gini ya tsaya a gefe ɗaya da aka auna da mita, ragowar ya zauna a buɗe ga jama'a bayan tashi daga makaranta da ranakun hutu da na Idi, a kafa adadin 'ya'yan unguwa da za su yi karatu kyauta, a hana mayar da wurin otal ko shaguna, a kuma ce haya ta mutu idan aka saɓa. Sai a kai yarjejeniyar gaban alƙali ya mayar da ita hukuncin kotu, domin wanda ya sa hannu yau yana iya sayar da makarantar baɗi.